Abin da Baba Direba Yake Faɗa

Tun da ciwon mantuwa ya kama mahaifiyarta, Auta ta daina samun barci, ta rame. Yayanta ne ya matsa mata ta riƙa zuwa asibiti, inda masu jinyar irin waɗannan tsofaffi ke zama da wata likita su fitar da abin da ke cin ransu. Ɗaki ne a ƙarshen baranda, kujerun roba a zagaye, fanka tana juyi tana ƙara.

A cikinsu akwai wani dattijo da ake kira Baba Direba. Ba ya kallon kowa, amma in ya buɗe baki sai ɗakin ya yi tsit.

"Na yi wanka da wanki, na ba da abinci a baki," ya ce wata rana, murya ƙasa-ƙasa. "Sai aka dube ni aka ce, ke wace ce? Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada yara su ji kukana."

Auta ta ɗauka tuntuɓen harshe ne ya sa ya ce "ke". Ta tausaya masa, don ita ma a banɗaki take kuka.

Da aka tashi, ta tarar da wata mata a baranda tana ɓalla masa maɓallin riga, tana goge masa baki da hankici. Ya tsaya mata, idonsa a bango.

"Sannu Mama, jiki ya yi sauƙi?" Auta ta ce, a zatonta matar ce yake jinya.

"Jikina? Ai shi ne mara lafiyar, 'yar nan. Layin magani nake bi, shi kuma ya shige wajenku. Likita ta sha kirana, ni dai kunya nake ji." Ta ci gaba da goge masa baki. "Me yake yi a ciki? A gida ya daɗe bai ce uffan ba."

Auta ta faɗa mata maganar famfon. Hankicin ya tsaya a hannun matar.

"Ni ce nake gaya masa," ta ce. "In ina masa aski nake ta surutuna. Na ɗauka ba kowa a cikinsa."

Zama na gaba, matar ta shigo ta ja kujera kusa da mijinta. Likitar ta ce, "Mama, fara daga inda kike so."

Ta fara da ƙyar, sannan magana ta ɓalle. Ta ce akwai ranar da take fatan ta farka ta tarar an gama, sai kuma ta tsani kanta. Likitar ta ce kusan kowa a ɗakin ya taɓa jin haka, wasu suka gyaɗa kai.

Auta ba ta gyaɗa ba, bakin Baba Direba take kallo. Leɓɓansa suna motsi ba sauti, kuma suna riga matar isa kowace kalma.