Buhunan Gwamnati

"Ina buhunan?" Kapitan Mamman ya sake tambaya, yana ƙwanƙwasa tebur da yatsa.

Halidu ya share gumi da hularsa. Kamyonsa, wato babbar motar kaya, ɗaya tal, da shi ya karɓi kwangilar kai geron agaji Garin Gawo, can arewa. Ƙa'idar ma'aikatar da ta ba shi kwangilar ita ce a juye hatsi a rumbun gari, a dawo da buhunan, su ne shaidar kaya ya isa. Shi kuwa ya dawo Yamai ko buhu ɗaya babu. A wannan shekarar fari, da sojoji suka karɓi mulki suna cin alwashi a kan ɓarayin hatsi, duk wanda aka ce ya sayar da abincin talakawa ba a gidansa zai kwana ba. Sa'arsa guda, kwangilar ta ce in saɓani ya taso a je gaban mai sulhu, kuma shi da ma'aikatar sun amince da Alhaji Mumuni, tsohon alƙalin da ba ya gaggawa ko da gemunsa na cin wuta.

"Alhaji, garin kango na tarar," in ji Halidu. "A hanya na gamu da mutanen, sun nufo Yamai da ƙafa. Nan na raba musu. Buhunan kuma, roƙa suka yi."

"Wa ke roƙon buhun da ba kome ciki?" in ji Kapitan, mai magana da yawun ma'aikatar. "Kasuwa dai ka kai."

Tsoro ya kama Halidu sosai. Jiya ya yini a sansanin 'yan gudun yunwa da ke bayan gari, har ya gano mutanen, suka ce za su zo. Amma mai yunwa da tafiyar ƙafa, wa zai riƙe shi da alkawari? Ga azahar ta gabato.

Sai aka ji sallama daga ƙofar biro, ofishin Alhaji Mumuni. Wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, mata na biye da ita har ɗakin ya cika, sauran suka tsaya a baranda. Kowacce ɗaure da buhu a madadin zane, an farke shi an wanke, hatimin ma'aikatar na nan raɗau, wata a ƙugu, wata a gadon baya.

"Ni ce Hadizatu ta Garin Gawo," in ji tsohuwar. "Zannuwanmu mun sayar tun rani, muka ci. Wannan bawan Allah ya ba mu gero, ya rufa mana asiri."

Kapitan ya miƙe, ya duba hatimin da kyau. "Inna, waɗannan kayan gwamnati ne. Doka ta ce a mayar."

"To, ɗana, ga mu. Zo ka kwance."

Kapitan ya sunkuyar da kai, ya koma kujerarsa.

Alhaji Mumuni ya gyara tabarau. "An ce gero ya isa ga mutanen Garin Gawo, ya isa. An ce buhuna su dawo Yamai, ga su sun dawo da ƙafarsu. Kwangila ta cika. Kapitan, akwai ja?"

"Babu, Alhaji."

Wata mata ta rangaɗa guɗa daga baranda. Daɗi ya cika Halidu. Ya tashi, ya fita ya kwance ƙofar bayan kamyon.

"Inna, ku hau," ya ce. "Yau kam ba mai komawa da ƙafa."