Ƙahon Likita

Tabawa ta sake tura wa ɗanta ƙoƙon shayi, baƙi ƙirin, ko sukari babu.

"Shanye."

"Inna, cikina ya cika. Dubi hannuna, rawa yake."

"Rawar nake nema. Shanye, ka ɗora goro a kai."

A bayan barikin Tanut suke zaune, hantsi bai gama ɗagawa ba. A shekarar nan Nasara ya aiko ƙasar Damargu neman samarin da zai kai soja, mai garinsu na Gangara kuwa da ya tashi nunawa sai ya nuna Zakari. Wa zai nuna dama, in ba ɗan matar da ba ta da mai tsaya mata ba? Mijinta Sidi a bakin rijiya ya yanke jiki ya faɗi, igiyar guga a hannunsa, ya bar ta da gona da wannan ɗa tilo. Samarin da aka kwasa bara kuwa, har yau ko labarinsu babu.

Ƙofa ɗaya ce ta rage. Kafin a ɗauki mutum, likitan Nasara yakan ɗora masa wani ƙaho a ƙirji ya saurari zuciyarsa, wanda aka ji tasa ba ta bugawa daidai sai a sallame shi. Tun da labarin ya bazu, matan ƙauyuka suka zama gwanayen tayar da zuciya, wata da taba da kanwa, wata da ɗan jiƙe-jiƙenta. Ita Tabawa akuyarta ta miƙa wa wani Ba'abzine mai raƙuma, ya ba ta ƙullin ganyen shayi, ya rantse mata cewa ko dattijo ya sha sai ƙirjinsa ya yi kiɗa.

"Kai, tashi ka haye tudun can da gudu, ka dawo," in ji ta. Ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba.

Zakari ya tashi. Bai kai rabin tudun ba ya tsaya, ya dafa gwiwoyi yana haki. Takaici ya ishe ta. A gona ma haka yake, ɗan noma kaɗan sai ka gan shi ya dogara da hauya, ta sha yi masa gorin son jiki a gaban mutane.

"Yau ma lalacin za ka yi mini? Haye! So kake su tafi da kai?"

Ya haye. Ya dawo leɓunansa sun yi duhu, ita kuwa har ranta ta ji daɗin ganin haka.

Da gardi, ɗan sandan bariki, ya jera samarin ba riguna, likitan ya fito yana sharar gumi. Ya saurari na farko, ya saurari na biyu, sai ya cire ƙahon daga kunne ya yi dariya. Tafintansa, Ɗan Azumi, ya juyo wajen matan da suka yi cincirindo a bakin shinge.

"Likita ya ce ya san shayi, ya san goro, ya san taba. Kowa ya zauna a inuwa har azahar, sai zukata sun kwanta a sake ji."

Wuri ya kaure da salati. Tabawa ta zube a rairayi. Akuya ta tafi, dabara ta ƙare, ga yaron can a inuwa yana hucewa a kan idonta. Ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan yini ba. Ta kifa goshi a ƙasa.

"Ya Allah, ka sa ya ji wani abu a ƙirjin yaron nan. Ko mene ne, ka sa ya ji."

Ta yi ta maimaitawa har makogwaronta ya bushe.

Bayan azahar aka sake jera su. Ƙaho ya taɓa ƙirji, likita ya kaɗa kai, gardi ya tura mutum ciki, wata uwa ta fasa kuka. Da ya zo kan Zakari sai ya daɗe. Ya matsar da ƙahon ƙasa, ya rufe ido. Ya duba farcensa, ya durƙusa ya danna masa idon sawu da babban yatsa. Sannan ya nuna masa ƙofar fita.

Guɗa ta kuɓuce wa Tabawa ba ta shirya ba. Mata suka yo kanta, kowace tana tambayar ƙoƙo nawa ta ba shi. Ɗan Azumi ne ya ratsa su, ya ja ta gefe.

"Iya, ke kika haife shi?"

"Ni ce. Shayin ne ya ci, ko?"

"Shayi ya fita tun ɗazu. Duk waɗanda aka tura ciki sun sha." Ya sassauta murya. "Likita ya ce zuciyarsa yoyo take, kamar tsohuwar salka. Kada ya ja ruwa, kada ya ɗauki nauyi. Gudu kuwa, ko kusa."

"To, maganin fa?"

"Ya ce babu shi a akwatinsa. Ya ce in tambaye ki, me ya kashe ubansa?"

Ta juya tana kallon tudun, sawun yaron na nan a jikin rairayi, har da inda ya tsaya.

Zakari ya iso yana washe baki, ya sunkuci ƙunshin kayansu da salkar ruwa.

"Inna, dabararki ta yi! Mu ɗaga ƙafa, ko ma kai gida da sauran rana."

Ta karɓe salkar ta rataya, ta ɗora ƙunshin a kanta.

"Zakari."

Ya tsaya cak, don bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Mu tafi a hankali," ta ce. "Ni ce na gaji."

Ya yi dariya ya shiga gaba. Ta bi shi a baya dab da dab, tana sauraron numfashinsa.