Karsanar da Dogo Ya Roƙa

Tanko ya sake tayar da mutanen da ke kan tabarmi, ya ce a ja su gabas, don rana za ta shigo ƙarƙashin rumfar kafin baƙo ya zauna. Tun hantsi ake jan tabarmin nan, har masu jan sun fara ƙunƙuni. Daga cikin gida ƙamshin soyayyen rago yana fitowa, ga muryar matarsa Zara'u tana faɗa da masu tuƙin tuwo.

"Malam, ka zamna hakanan," in ji ta da ta leƙo zaure. "Rigar taka duk ta jiƙe, baƙon ma bai iso ba."

"Ke dai ki ji da miyarki. Kin san wa za shi ci ta kuwa?"

Ta sani mana. Duk garin Sarkin Hausa babu wanda bai sani ba, har wanda aka yaye jiya. Shekaru kusan arba'in ke nan Tanko yana ba da labarin Lokotoro Matiyas, Baturen likitan da aka laƙaba wa Dogo, wanda ya buɗe 'yar likitar garin, wato ɗan asibitinsu, yana saurayi. Tanko ne yake goya shi a babur ƙauye-ƙauye, shi ne tafintansa, shi ya koya masa cin tuwo da hannu. Daga baya aka kira Dogo gida, ya yi ta hawa a ƙungiyarsu ta 'yan Katolika, wadda aka ce kakanninta mayaƙa ne masu doki da takobi, su kuwa na yanzu jinyar marasa lafiya suka sa gaba. Da shugabansu ya rasu sai suka zaɓi Dogo. Hotonsa yana nan rataye a zauren Tanko, cikin baƙar alkyabba mai farin kuros a ƙirji, kuma wanda duk ya shigo aron galma sai ya saurari bayanin hoton kafin ya samu.

Yau Dogo zai dawo ganin likitarsa, kuma a gidan Tanko zai ci abincin rana. Abin da Tanko yake so ke nan a duniya, garin nan ya gani da idonsa cewa ba cika baki yake yi ba, shi ne aminin Dogo, babu na biyu.

Na biyun kuwa akwai shi, shi ne ma ya hana Tanko sakat. Ranar da aka kira shi a salula daga Maraɗi aka gaya masa tsarin ziyarar, mai maganar ya rufe da cewa shugaba ya roƙi a aika wa Harisu na Isawane ya zo. Tanko ya ce to, ya kashe salula, ya ja tsaki. Harisu! Wani makiyayi ne fa da Dogo ya taɓa yin jinyar zazzaɓi a rugarsa damina guda, ya sha nono ya miƙe, shi ke nan. Shi Tanko da ya sha faɗuwa cikin yashi da Bature a bayansa, ba za a ambaci sunansa ba sai an haɗa da na Harisu? Kishi ne ya turnuƙe shi, irin na tsofaffi, wanda ba a faɗa wa kowa sai dai a yi ta faɗa da masu jan tabarma. Motocin kasuwa suka je Isawane suka dawo, masu babur suka je suka dawo, Tanko bai ba kowa saƙo ba.

Sai da rana ta take motocin suka iso, ta jandarmomi a gaba, ta perefe mai mulkin yankin a baya. Tanko ya sa ran ganin alkyabba, sai ga wani tsoho ya sauko da taimakon sanda, cikin riga mai gajeren hannu da takalmi sau-ciki da ya sha jiki. Tsawon yana nan, amma ya ranƙwafa. Ya gaisa da manya sama-sama yana ta waige-waige.

"Tanko! Kai ne ka tsufa haka?"

Ya rungume shi a gaban kowa. Tanko ya ji kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ta kan kafaɗar Dogo yake leƙen 'yan majalisarsu, yana tabbatar da cewa kowa ya gani.

"Ina Harisu?" in ji Dogo.

Ko gama sakinsa bai yi ba.

"Ai ya yi arewa da shanu, Lokotoro. Ka san Hillani, ba su zama wuri guda."

Dogo ya dube shi, dubawa mai tsawo. "Da waɗanne shanun? Ma'aikatan likita sun gaya mini farin bara ya ƙarar da nasa ƙaf."

Tanko ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Tsohon ya kama hannunsa ya ja shi zaure, ya yi wa jami'ai alama su dakata a waje. Da ya ga hotonsa ya yi dariya, ya ce rigar nan zafi gare ta, kuma ta aro ce.

"Ka tuna farar karsanar da muke ɗaurewa bayan likita?"

Tanko ya tuna. Harisu ne ya koro ta, bisa al'adar da Fulani suke kira haɓɓanaye: mutum ya ba amininsa aron saniya, in ta haihu aminin ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Da ta haihu, yaran da aka kwantar a likita su suka sha nononta. Dogo ya tafi bai mayar da ita ba, da bazara ta yi tsanani ta mutu.

"Bai taɓa tambayata ba," in ji Dogo, Hausarsa tana ɗingishi amma tana tafiya. "Yanzu shi ne ba shi da ko kofato. Ina so in ɗaura masa karsana da hannuna kafin in mutu. Amma ka san alkawarin da na yi wa Allah, ba mata, ba dukiya. Abin da ke hannun ƙungiya na marasa lafiya ne. Perefe zai ba ni in na buɗe baki, sai dai ba zan iya roƙonsa ba. Kai ne zan iya roƙo."

Karsana ɗaya Tanko yake da ita, ja, wadda Zara'u ta raina da dusa da harawa har fatarta tana sheƙi. Daɗi da haushi suka haɗe masa. An zaɓe shi a kan perefe, amma don a yi wa Harisu gata.

"Taka ce, Lokotoro."

Da ya shiga kwance ta, Zara'u ta saki ludayi. "Abincin hwa, Malam?"

"A ba perefe da mutanenshi."

Loma ɗaya Dogo ya yi, ita ma a tsaye, ya sa wa Zara'u albarka ya nemi mota. Karsanar ta ce ba ta san zancen ba, ta ƙi hawa bayan motar kat-kat sai da Tanko ya hau ya ja ta da kansa. Haka mutanen Sarkin Hausa suka ga aminin Dogo ya fita gari, a tsugune a bayan mota, riƙe da igiya, babbar rigarsa ta shadda tana shan kashin saniya.

Sun tarar da Harisu a gindin aduwa yana tufkar igiya, ga turaku babu komai a jikinsu. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya miƙe a hankali, ya kare ido da hannu, sai ya yar da igiyar. Suka riƙe hannun juna da Dogo suka ɓarke da Fulatanci, suna dariya, suna share ido. Tanko ya matso yadda ya saba, a shirye ya fassara, babu wanda ya neme shi. Ko kalma ɗaya bai tsinta ba. Ashe damina gudan nan ba nono kawai Dogo ya sha ba. Wannan ya fi kashin saniyar ƙona masa rai.

Dogo ya karɓi igiya daga hannun Tanko ya danƙa wa Harisu. Makiyayin ya shafa wuyan karsanar, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya daɗe bai ɗago ba.

"Wagga ba saniyar Bature ba ce," ya ce da Hausa. "Hannun wa ta tashi?"

"Ta Tanko ce. Ni roƙo na yi."

Harisu ya juyo ya kama hannun Tanko da hannu biyu. "Ashe kai ne, Malam Tanko. To in ta haihu ta yaye, ni da kaina zan koro maka ita har ƙohwar gida. Igiyar ga ta ɗaure mu, mu ukku. Wallahi da na ji labarin zuwanshi, da ko da ƙahwa na taho garinku."

Dogo ya mayar da idonsa kan karsanar. Tanko ya yi gyaran murya, ya ce ba ta son ruwan da ya kwana a randa, kuma a riƙa ba ta kanwa.

Da za su koma, Dogo ya ce ya shigo ciki ya zauna kusa da shi, da kashin saniyar da komai. Ba su yi nisa ba barci ya kwashe tsohon, kansa ya gangaro ya kwanta a kafaɗar Tanko. Motar tana tsalle cikin yashi, kafaɗar ta yi sanyi har ta mutu, Tanko bai motsa ba. Ya saci kallon direba ta madubi don ya ga ko ya lura, ya tarar idonsa na kan hanya. Abin da ya dame shi kawai, Harisu ba ya nan balle ya gani.