Waƙar da Aka Bar wa Sammani

Bayan sallar isha Lado mai wankin hula ya ji sautin wata waƙa ta bayan katanga. Murya ce siririya, ta hau sama kamar za ta tsinke, ta gangaro a hankali, ana buga gindin bokiti. Ba Hausa ba ce, ba Larabci ba. Ya ɗauki tocila ya zagaya gidan maƙwabcinsa, tsoho Sammani.

Ya same shi jingine da bango, ƙafafu a kumbure.

"Baba Sammani, lafiya? Matan Ƙofar Sauri na cewa iskoki sun shige ka."

"Iskokin me? Zauna."

Sammani ya ce yana saurayi ya yi wa wani malamin makaranta kuku, Malam Tomas. Daga Amurka ya zo, amma ba Bature ba ne. Mutanensa Absaloke ne, Turawa na ce musu mutanen Hankaka, mahaya dawaki, mafarautan ɓauna, har aka ƙarar musu da ɓaunar aka killace su wuri guda.

"Waƙar kakarsa ce. Ya ce a wurinsu waƙa tana da mai ita, kamar doki. Ba a ɗauka, sai an ba ka. A makaranta an yi ta dukan 'yan uwansa don su bar harshen, shi kaɗai ya riƙe ta. Da zai tafi ya ce zuwa yaƙi ake kiransa, ya ba ni ajiyarta. Shekara talatin da ɗoriya, ko wasiƙa babu."

"Me take cewa?"

"Ta lallashin jariri ce. Iyakar sanina ke nan. Furera ɗiyata ta ce ba ta ɗaukar abin da ba ta san fassararsa ba. Kai za ka karɓa, Lado? Baiti huɗu ne kacal."

Lado ya sosa ƙeya. "Bari in gama da hulunan nan, Baba. Jibi soja za su miƙa mulki, kowa na son tasa ta bushe. Ran Lahadi in sha Allah."

"To, Allah ya kai mu."

Ranar Asabar, rediyo na ta labarin rantsuwa, motoci na ta oda a titi, Furera ta fasa kuka. Kafin la'asar an kai Sammani makwancinsa.

Da aka dawo, Lado ya zauna cikin hulunan da ke kife kan gungume suna shan rana. Ya laluɓi waƙar a maƙogwaro. Hawan ya zo. Gangarowar ta ƙi.

Washegari a zaman makoki, an kife bokitin a bakin rijiya. Tsohuwa Tani ta gidan gaba ta leƙo zaure, ta gaida maza, ta tsaya riƙe da mayafi.

"Ni kam, waƙar nan tasa da ke sa jikana barci, wa ya bar wa?"