Makaɗin Bayan Bango

Har yau Mai Jita ake ce masa a layin, alhali rabon yatsunsa da wayar jita an fi shekara ashirin. Gyaran firji yake yi a wani ɗan shago da ya yanka daga jikin gidansa, bango ɗaya ne tsakanin bencinsa da ɗakin matarsa. A nan wani Farfesa ya same shi wata Talata da hantsi, kansa a cikin firji, ƙafafunsa a waje.

Farfesan siriri ne dogo, ya rungumo wani abu naɗe da tawul kamar jariri. Da ya kwance sai ga faya-fayai guda biyar, duk abin da ƙungiyar Tsawa Huɗu ta taɓa fitarwa a zamanin da kiɗan rok ke hana iyaye sukuni. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana rubuta littafi a kansu, har matarsa ta yi yaji sau biyu ta dawo bai lura ba.

"Babi ɗaya ya rage mini, ranka ya daɗe," in ji Farfesa bayan sun gaisa. "Kai na same ka. Mawaƙinku Allah ya jiƙansa. Mai jitar bes na gan shi, taya yake sayarwa. Ku uku ke nan. Ina makaɗin ganga? A bayan faifai huɗu cikin biyar, Maƙwabci kawai kuka rubuta."

Mai Jita ya saci kallon bangon.

Gaskiyar magana, Tsawa Huɗu ba ta taɓa cika huɗu ba. Ana saura kwana biyu su ɗauki faifan farko makaɗinsu ya sami aikin tuƙin tirela, ya tafi da gangunansa ko sallama babu. Suka shiga ɗakin da suke haya suka fara kiɗa haka nan. To a bayan bangon akwai wata malamar lissafi, budurwa, tana duba takardun jarrabawa. Da ƙara ta ishe ta sai ta hau dukan bango don su yi shiru, makirufo kuwa ba ruwansa da wanda ya gayyata, ya kwashe duka. Faifai na fita jama'a suka ce ba su taɓa jin ganga mai zuciya irin wannan ba. Daga nan Tsawa Huɗu ba ta sake ɗaukar faifai ba sai lokacin jarrabawa.

Bayan faifai na uku Malama ta tashi daga unguwar. Suka ɗauko makaɗi na gaske mai ganguna tara, suka yi faifai na huɗu, wanda yawancin masu saye suka mayar murfin tukunya. Sai ƙungiya ta yi zama, aka yanke cewa dole wani ya auro Malama ya dawo da ita bayan bango. Sauran biyun suna da aure, don haka ƙuri'a ta faɗa kan Mai Jita. Ya je ya yi zance, ya yi rantse-rantse, aka ɗaura. Tun kafin wata biyu ya kamu da sonta da gaske, so irin wanda har yanzu in ta yi tari sai ya ajiye sifana. Amma wa zai yarda? Shekara talatin da ɗaya yana tsoron ranar da za ta gane cewa a matsayin ganga aka auro ta.

"Ya mutu," in ji Mai Jita.

"Allahu akbar. Ina kabarinsa?"

"A teku ya mutu."

"Wane tekun?"

"Babban."

Farfesa ya rubuta wannan a hankali, sannan ya ciro wata 'yar na'urar faifai daga jakarsa ya jona a soket ɗin gwada firji. Ya ce tun da mutumin ya tafi, sai su bi sawunsa faifai bayan faifai. Mai Jita ya ce wutar shagon ba ta da kyau, ya ce yana da ciwon kunne, ya ce akwai mara lafiya a maƙwabta. Ko a jikin Farfesa.

Ya sa na farko, *Tsatsa*. "Ka ji ɗanyen bugu. Wannan mutum ne da duniya ta ɓata wa rai. A shafi na tamanin na tabbatar da cewa fatar ɓauna ce a gangar."

Mai Jita ya rage sauti. Farfesa ya ƙara.

"Na biyu, *Ruwan Kwano*, nan ya fara hankali, ko bugu ɗaya bai kuskure ba. Amma ni na uku ne nawa, *Jan Wuta*. Saurara. Ya buga uku, ya tsaya, yana jiran jitarka. Kamar mai sallama a ƙofa yana jiran a amsa. Kai kuwa, ka yi haƙuri, sai ka wuce abinka."

"Haka salon yake," in ji Mai Jita, idonsa na kan bango. Bangon shiru. Ya fara sa rai ko Malama ta fita kasuwa.

"Na biyar, *Ƙofa a Buɗe*, masana sun ce shi ne sarki, ni dai ina ganin ya cika natsuwa. Na huɗu kuwa, *Sabon Jini*, dole ce ta sa nake taɓa shi. Ganguna tara, amma kamar an zubar da kwanuka daga bene. Bari dai ka ji, don a yi adalci."

Ya ɗora allura. Makaɗin haya ya fara barin kwanukansa. Ba a yi minti ɗaya ba bangon shagon ya amsa: dum, dum, dum-dum. Sifanonin da ke rataye suka fara rawa. Bugun ya shiga ƙarƙashin waƙar ya tallafe ta, ya ja jita ya mayar da ita kan hanya, faifan da duniya ta yi wa dariya shekara talatin ya miƙe tsaye ya zama kiɗa. Wani tsohon firji da ya ƙi tashi tun makon jiya ya kama aiki da kansa.

Farfesa ya cire tabarau, hawaye na bin kumatunsa. "Ranka ya daɗe, mamacin nan yana bayan bangonka."

Kafin Mai Jita ya tare shi har ya fita, ya zagaya, yana sallama a ƙofar gida.

Malama na zaune a kujerarta kusa da bango, farin gashi ya leƙo ta gefen ɗankwali, doguwar rular allo ta katako a hannunta. Ta yi ritaya shekara shida, amma har yanzu jan biro na maƙale a wuyan rigarta. Ta dubi baƙon, ta dubi mijinta da ya biyo shi yana haki.

"Baban yara, wane ne ya sa wannan faifan? Shekara talatin ina jiran in gyara shi."

Farfesa ya durƙusa ya miƙa mata littafinsa da hannu biyu. Ta buɗe shafi na tamanin, ta zare jan biro.

"Ba fatar ɓauna ba ce, Malam. Takalmina ne na makaranta, ƙafar hagu. Na biyu ludayi. Na uku wannan rular. Na biyar tafin hannu, lokacin ina da cikin babbarmu, ba na iya ɗaga abu." Ta ja layi, ta juya shafi, ta sake ja. "Wa ya koya maka ƙirga?"

Mai Jita ya zauna a hannun kujera. Ya ga dai asiri ya riga ya tonu, gara ya ƙarasa da bakinsa.

"Malama, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Zuwan da na yi wurinki, ba ni na kai kaina ba. Zama aka yi. Ƙuri'a aka kaɗa."

"Biyu da ɗaya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kai ne ɗayan da ya ƙi. Bangon nan da kuke jin bugu ta cikinsa, kuna tsammani ta gefe ɗaya yake ji? Wadda ta kama ɗakina bayan na tashi ita ta kawo mini labari tun kafin ka iso."

"Kin sani, kika yarda?"

Sai a lokacin ta ajiye biro. "Fushi na gaskiya a faifan farko ne kawai. Ka taɓa ganin mai fushin da ba ta kuskure bugu? Na ga wani mai jita ta taga, kullum rigarsa a baibai. Shekara uku ina buga maka bango. Daga ƙofarku zuwa tawa taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Ko sau ɗaya ba ka zagayo ka ƙwanƙwasa ba, ko don ka ba da haƙuri. Shi ya sa na kwashe kayana na yi nisa, in ga ko ƙafafun nan na ado ne."

"Amma turo ni aka yi."

"Na sani. Na karɓa a haka, ban kuma yi da-na-sani ba. Abin dai yana ɗan yi mini ciwo wani lokacin."

Farfesa ya tambaya ko zai iya sa wannan a babi na ƙarshe. Ta ce ya fara gyara na farkon tukuna. Ta ba shi maki talatin da takwas cikin ɗari, ya karɓa yana godiya, ya naɗe faya-fayansa ya tafi, ya manta tabaransa a kan firji.

Mai Jita ya koma shago ya zauna a benci bai taɓa komai ba. Kunya ta kama shi, da tausayin wata budurwa da ta yi shekara uku tana sallama da rula. Da azahar ta yi bangon ya buga sau uku ya tsaya, alamar abinci ya sauka. Shekara talatin da ɗaya amsarsa ɗaya ce, ya ɗaga murya daga inda yake ya ce yana zuwa. Yau kuwa ba haka ya yi ba. Ya wanke hannu, ya duba rigarsa, ya fita ta titi ya zagaya, ya tsaya a ƙofar gidansa ya ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Maƙwabci ne."



"Ka makara," ta ce. "Shigo."