Shukar Nasiha

Malam Muhyiddeen mutum ne mai son shiru. Shekara talatin yana riƙe da makarantar da mahaifinsa ya bari a Kiyako, kuma a wurinsa ɗalibin kirki shi ne wanda ya tanƙwashe ƙafa ya nutsu. To, sai ga Malama Sadiqa, sabuwar malamar lissafi daga Gwaram, ta zo da nata salon. Kullum da safe, kafin a buɗe littafi, sai ta tayar da 'yan aji uku tsaye, wai shuka za su yi. Su ɗaga hannu kamar masu sara da sungumi: "Bakwai!" Su jefa iri: "Sau uku!" Su rufe ramin da diddige: "Ashirin da ɗaya!" Ajin har girgiza yake yi.

Malam ya daure sati uku, rannan ya aika aka kira ta.

"Malama, nan makaranta ce ko gona?"

"Allah ya gafarta Malam, in jikinsu ya motsa, kansu ya fi riƙewa."

"Karatu aka turo su, ba tsalle-tsalle ba. A daina."

Aka kuwa daina.

Da yamma jikarsa Nasiha, 'yar shekara tara, ta kawo masa fura tana kumbure-kumbure. Duk cikin jikokinsa ba wadda yake so kamarta, amarya ma yake ce mata.

"Amarya, yau kuma wa ya taɓa min ke?"

"Kai mana! Ka hana mu shuka, alhali kai ma ba ka tilawa sai kana rangaji."

"Ni? Ja can, mai bakin tsiya!"

Da asuba dai tsohon ya gwada. Ya zauna ƙyam, ya hana jikinsa motsi, ya ɗauko surar da ya haddace tun kafin ya yi gemu. Sau uku yana sarƙewa. Ya yi istigfari, ya ci gaba da rangajinsa, karatu ya tafi sumul. Amma ya faɗa wa wani? Ina! Girman kai ya hana.

Ga kuma abin da ke cin ransa. Nasiha ta riga ta maimaita aji uku, ubanta Salihu, ɗan Malam, kuwa ya ce in ta sake faɗuwa shi ke nan, ta zauna gida ta taya uwarta aiki tunda kanta ba ya ja. Malam ya yi faɗa, ya yi lallashi, Salihu ya kafe.

Al'adar makarantar, gwajin baka na ƙarshen shekara Malam ne ke yi da kansa, yaro ya tsaya a gabansa hannu a harɗe. Ranar har Salihu ya baro gona ya zo ya tsaya bakin taga.

Aka zo kan Nasiha. Malam ya sassauta murya.

"Bakwai sau takwas?"

Hawaye ya cika idonta taf. Malam ya sunkuyar da kai don ba zai iya kallonta ba, sai ya ga ƙafarta. Diddigenta na murza siminti a ɓoye, tana neman rufe ramin da aka hana ta haƙawa. Kunya ta kama shi, tausayi ya rufe shi. Ashe wata guda cur shi ne ya ɗaure yarinyar nan.

Ya ce, "Amarya, saki hannunki. Yi shukarki."

Ta dube shi, ta dubi Malama Sadiqa. Malama ta gyaɗa kai. Nasiha ta ɗaga hannu ta sara.

"Bakwai!" Ta jefa iri. "Sau takwas!" Ta rufe da diddige. "Hamsin da shida!"

Ya ja ta zuwa gidan tara, ta shuke shi tas. Ya juya tambayoyin ta baya, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. 'Yan ajin duk ƙafafunsu na motsi a ƙarƙashin benci, Malam da kansa yana ta rangaji bai ma sani ba.

Ya goge ido da bakin rawani ya ce, "Malama, ki yafe ni. Gobe da safe a koma gona."

Sannan ya juya wajen taga, inda ɗansa ke tsaye baki buɗe.

"Salihu, ka dai ji da kunnenka. Je ka gaya wa uwarta ta nemi wata mai wanke-wanken, amaryata aji huɗu za ta."