Takalman Safiyanu

Ofishin ƙungiyar ƙwallon da Ja'afar yake horarwa a Ikara suna ne kawai ofis. Ɗan shago ne a bakin fili, wanda ko akuya ta leƙa sai ta juya. Fasassun ƙwallaye, ragar da ɓera ya gama da ita, kofuna masu tsatsa, ga tsofaffin takalma tuli guda a lungu. Mai share wurin a da shi ne Safiyanu, golan ƙungiyar. Tun da haɗarin mota ya yi ajalinsa a hanyar Maƙarfi, babu wanda ya ƙara ɗaukar tsintsiya.

Saƙo ne daga Hunkuyi ya tashe su. Huseina, mahaifiyar Safiyanu, ta aiko cewa baffanninsa sun rabar da kayansa sadaka tun ranar bakwai, ko hula ba su bar mata ba. In akwai wani abu nasa a wurin ƙwallo, don Allah a kai mata. Ja'afar ya ce a gaya mata an gama, don ya san takalman yaron suna cikin tulin nan.

Ran Asabar 'yan wasa suka taru aka hau gyara. Shamsuddeen, kyaftin ɗinsu, ya kawo shawarar a kai tsofaffin takalman Likoro, inda samari ke buga ƙwallo ba takalmi. Kowa ya ce madalla. Ja'afar ya fita neman mai baro ya kwashe shara, kuma shi mutum ne da in ya fita sai ya gaisa da rabin gari. Kafin ya dawo, takalma sun jeru bisa katanga suna ɗigar ruwa.

"Koci, ai ba a ba da sadaka da dauɗa," in ji Shamsuddeen yana yarfe hannu. "Omo muka jiƙa su da shi, muka bi da buroshi ciki da waje."

Ja'afar ya zaro na Safiyanu, baƙaƙe masu jar igiya. Sun fita fes. Har ransa ya ji daɗi, ya ce gara a kai wa uwa abu mai tsabta.

Washegari ya hau babur sai Hunkuyi. Huseina ta fito zaure, ta rame ƙwarai. Ya durƙusa.

"Ina wuni, Inna? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, ɗana. Ya hanya? Ya yaran naka?"

Da aka gama gaisuwa ya miƙa mata ledar. Ba ta tsaya duba takalman ba. Ta ɗauki ƙafa ɗaya ta kai hanci, ta rufe ido, ta daɗe. Ta ajiye, ta ɗauki ɗayar.

"In ya dawo daga fili da su, korarsa nake yi," ta ce a hankali. "In ce fitar min da warin nan daga gida. Shi ya sa ya koma barin su wurinku." Ta ɗago kai. "Kun wanke su?"

Sai a lokacin Ja'afar ya gane abin da ta aika a kawo mata.

"Mun wanke, Inna. Mun ga kamar..."

"Kun kyauta. Allah ya yi muku albarka."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta sassauta igiyar, ta buɗe takalmin sosai, ta sake cusa hanci har can ciki. Ja'afar ya sunkuyar da kai, hawaye na zubo masa.

Ta mayar da su cikin ledar, ta ƙulle bakinta da kyau, ta tura masa.

"Ka ba wanda ba shi da su," ta ce. "Safiyanu ba ya ciki."